Waiwaye: yadda aka koyi tsamo alama daga cikin hayaniya

Matsalar ta tsananta ne a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mai kula da na'urar radar a Ingila yake zuba wa allo ido, ɗigon haske na bayyana yana ɓacewa, alhali dole ne nan take ya faɗi ko jirgin abokan gaba ne, ko tarin tsuntsaye, ko kuwa hayaniyar na'urar ce kawai, wato ɗige-ɗigen banza da ba su nuna komai. In ya cika zargi ya ta da gari a banza, in ya yi sake bam ya sauka.

Tun a 1933 masana lissafi Jerzy Neyman da Egon Pearson suka tsara wannan zaɓi da lissafi: a fara ƙayyade yawan ƙararrawar ƙarya da za a iya jurewa, sannan a nemi gwajin da ya fi kama alamar gaskiya cikin wannan iyaka. Raunin tsarin a aikace shi ne an ɗauka hayaniyar ba ta sauyawa, ga shi kuwa teku da ruwan sama da ƙura ba su san wannan sharaɗi ba. Shi ya sa a 1968 masu binciken radar Finn da Johnson suka fito da dabarar da na'ura ke auna hayaniyar da ke kewaye da wurin da take dubawa, ta ɗaga ma'auninta ko ta sauke shi daidai da abin da ta tarar.

Mu a Sahel, damina ce hayaniyarmu. Shekara guda gero ya cika rumbu, mai bi mata a sha fari, don haka da wuya ido ya bambance shekara mara kyau da sauyin yanayi na dindindin. Da gwajin Pettitt na 1979, wanda ke gano lokacin da jerin alkaluma ya sauya kwatsam, da makamantansa ne masana suka bi alkaluman ruwan sama, suka nuna cewa karayar, wato raguwar ruwan sama mai ɗorewa, ta auku wajen ƙarshen shekarun 1960. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, bayan babban farin nan, tana cikin masu tattara irin waɗannan alkaluma.

Sai dai a ganina gwajin yana da saurin hukunci ga abin da ya wuce, da nawa ga abin da ake ciki, domin sai shekaru sun taru bayan karaya kafin ya tabbatar da ita. Jimillar ruwan ta ɗan farfaɗo tun shekarun 1990, amma yanzu ya fi zuwa a mamako mai ƙarfi, ga kuma ambaliyar Yamai ta 2012 da ta 2020; masana sun koma ƙirga ranakun ruwa mai yawa, ba jimillar shekara kaɗai ba.