Idan majinyaci ya ce "ku bar ni in huta"

Jama'ar Agege, Idi-Araba da Mile 12, akwai tambayar da ake yi wa ma'aikatan lafiya da murya ƙasa-ƙasa idan ciwon daji ya ci jikin tsoho: "Babu allurar da za a yi wa Baba ya huta?"

Wasu a waya suka ga labarin cewa ana yin haka a ƙasashen waje. Gaskiya ne, Holan da Beljiyam sun halatta wa likita ya ƙarasa majinyacin da ya nema tun 2002, Kanada ta bi sahu a 2016. Tsohon firaministan Holan, Dries van Agt, ta wannan hanya ya tafi tare da matarsa a 2024, dukansu suna da shekara 93. Wannan dokarsu ce. A Najeriya kisan kai ne, ko da majinyacin ne ya roƙa da bakinsa, kuma wanda ya taimaka wa wani ya halaka kansa yana iya samun ɗaurin rai da rai. Mu Musulmi kuwa, aya ta 29 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce kada ku kashe kanku, ta riga ta rufe maganar.

Sai dai kada a haɗa wannan da ƙin magani. A 2001 Kotun Ƙoli ta tabbatar, a shari'ar Dokta Okonkwo, cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin maganin da bai yarda da shi ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin majinyatan da ke cewa a bar su su huta ba mutuwar suke so ba. Azaba ce ta hana su barci, ko suna ganin sun zama nauyi, ɗa ya sayar da babur ɗin acaɓarsa saboda kuɗin asibiti. Azabar nan kuwa tana da magani. Akwai mofin na sha, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, da likita ke rubutawa, ana ba da shi a kan lokaci, ba sai mutum ya fara kururuwa ba. Idan an bi ƙa'idar likita ba ya gajarta kwana, kuma ba shaye-shaye ba ne. Yana ɗaure ciki, don haka a nemi maganin wannan tare.

Kada ku yi wa majinyacin tsawa da "ka yi istigfari" kawai ku tashi. Ku zauna, ku tambaye shi ina ke ciwo, me yake tsoro. Ku kwashe magunguna daga gefen gadonsa, wani ya riƙa kwana tare da shi. A daina sayo tiramol a kemis ana ɗura masa. Ku koma asibitin da ake duba shi, ku ce wa likita ƙarara: ciwon bai lafa ba, kuma ya fara maganar mutuwa.