Hidima da Almajiranci a Ikkilisiyoyin Katsina

Hidima, a bakin Kiristocin ƙasar Katsina, ita ce aikin da mai bi ke yi wa ikkilisiya da mabukata ba don lada ba. Almajiranci kuwa shi ne rainon sabon mai bi a hannun wanda ya riga shi, har shi ma ya iya koyar da wani. Akan kafa hujja da ayoyin Littafi Mai Tsarki, Markus 10:45 da 2 Timoti 2:2.

Tarihi

Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi, don haka ta ƙofar jinya aka shigo. A wajajen ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wadda aka kafa a 1893, ta karɓi kula da masu cutar kuturta a Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina. Jinyar kan ɗauki shekaru. A cikinsu majinyata suka koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, waɗansu kuma suka koyi wanke miki da yin allura. Waɗanda suka warke sun koma garuruwansu suna ba da magani, waɗansu suna bishara. Daga baya gwamnati ta karɓi asibitin, yanzu kuma an fi saninsa da aikin yoyon fitsari.

Ikkilisiya ta fi yin saiwa a kudu, cikin ƙauyukan Maguzawa na Malumfashi da Kafur. A can mai bishara manomi ne kamar kowa: da damina yana gona, da rani yana koyar da karatu da ajin baftisma. Sau da yawa ikkilisiya kan yi masa gayya maimakon albashi. Waɗansu fastocin farko na ECWA, ɗarikar da ta fito daga SIM ta kuma tsaya da ƙafarta a 1954, a hannun irin waɗannan mutane suka tashi. A Katolika katikis, wato malamin da ke koyar da tushen addini, shi ke wannan aiki.

Yadda ake yi

Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikkilisiya, ita ce ƙashin bayan hidima, ko da yake ba kasafai ake rubuta tarihinta ba. Su ke ziyarar marasa lafiya, su yi girki a gidan makoki, su tallafa wa gwauraye da marayu, su kuma yi wa amarya gargaɗi kafin aure. Dattawan ikkilisiya na sasanta rigingimu. Matasa na riƙe da makarantar Lahadi da ƙungiyar mawaƙa.

Halin yanzu

Angilikan ta kafa diyosis, wato yankin da bishof ke shugabanta, a Katsina a 1990. Katolika ta yi nata a 2023, da Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, a matsayin bishof na farko. Matsalar 'yan bindiga ta sa ɗaukar nauyin waɗanda suka baro ƙauyuka ya shiga cikin hidima.

Ɗarikoki sun sha bamban kan naɗa mata a shugabanci.