Me Bulus Yake Nufi da "Ayyukan Shari'a"?

A aya guda, Galatiyawa 2:16, sau uku Manzo Bulus ya ambaci "ayyukan shari'a", yana cewa ba ta wurinsu mutum yake samun karɓuwa ga Allah ba. Shari'ar nan ba ta kotu ba ce, Attaurar Musa ce. Da yawa sukan ɗauka kowane aikin alheri yake nufi, har sadaka da taimakon maraya. Wannan fahimta tana raba kalmar da rigimar da ta haife ta.

A koma aya ta 11. A Antakiya, Bitrus yana cin abinci tare da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, sai waɗansu suka zo daga wurin Yakubu ɗan'uwan Yesu, ya janye jiki. Gardamar a kan akushi ta tashi: wa zai ci da wa, kuma ko dole a yi wa ɗan al'ummai, wato wanda ba Bayahude ba, kaciya kafin a lissafa shi cikin jama'ar Allah. Kaciya, dokokin abinci da kiyaye Asabar su ne alamun da ake gane Bayahude da su, kuma ba abin wasa ba ne a wurinsu: wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, Sarki Antiyokus na huɗu, mai mulkin Siriya da ƙasar Yahudawa, ya hana waɗannan alamu, mutane suka zaɓi mutuwa maimakon su ci naman alade.

Akwai shaida daga wajen Littafi Mai Tsarki. A kogo na 4 na Kumran, kusa da Tekun Gishiri, an sami wata wasiƙa ta Ibrananci da masana ke kira 4QMMT, aka wallafa ta a 1994. Ita ma ta yi amfani da kalmar "ayyukan shari'a", kuma abin da ta jera hukunce-hukuncen tsarki ne da hadaya, kamar hana karnuka shiga Urushalima.

Masana irin su James Dunn sun jingina kalmar sosai ga waɗannan alamu na gane Bayahude. Amma kada a taƙaita ta fiye da kima, domin a Romawa 4:4 Bulus ya kawo misalin ma'aikaci da ladansa, wanda ya wuce batun kaciya. Littafin Yakubu sura 2 kuwa, da ake yawan karawa da Bulus, bai ce "ayyukan shari'a" ba. Ayyukan da ya fara nunawa su ne tufatar da ɗan'uwa da ciyar da shi.