Tsohon da ke kwance shi ne mai magana a kan jinyarsa

Idan ciwo ya kai inda ba a sa ran warkewa, kamar sankarar da ta bazu, ko ciwon zuciya ko na ƙoda da ya ci jiki, aikin jinya bai ƙare ba. Sai dai a mayar da hankali ga rage raɗaɗi, da sauƙaƙa numfashi, da kwantar da hankalin majiyyaci da na iyalinsa. Cicely Saunders, 'yar Ingila da ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ita ce ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967 domin irin waɗannan marasa lafiya. Ta nuna cewa azabar mai ciwon ajali ba ta tsaya a jiki ba, har da tsoro da kaɗaici da tunanin waɗanda zai bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawa duk shekara, amma kashi 14 cikin ɗari kacal ke samu. Da yawansu tsofaffi ne.

Abin da ya fi damuna a wannan aiki shi ne yadda ake mayar da tsoho kamar ba ya wurin. Yana kwance idonsa biyu, kunnensa na ji, sai ma'aikaciyar jinya ta tsallake shi ta tambayi ɗansa, "Ya samu barci kuwa?" Ɗan ya amsa, a rubuta, a wuce gado na gaba. Mutumin da ya shekara saba'in yana yanke wa kansa shawara, yau ko tambayarsa ba a yi ba. Tsufa ba ya kawar da hankali, haka ma nauyin kunne. A ja kujera a zauna daidai fuskarsa, a miƙa masa tabaransa, a yi magana sannu a hankali, a ba shi lokaci ya amsa. Ko mai ciwon mantuwa yakan samu sa'o'in da kansa ke washewa, kuma ruɗewar da ta zo farat ɗaya sau da yawa daga ciwon fitsari ko taurin bayan gida take, tana iya wucewa idan an magance su.

Sai kuma roƙon da iyali ke yi mana a bakin ƙofa: "Don Allah kada ku gaya masa." Ƙauna ce ke sa su faɗi haka, ban taɓa shakka ba. Amma mai ciwo ya fi kowa sanin jikinsa. Yana ganin ramewarsa, yana ganin yadda ake yin shiru idan ya buɗe ido. Idan kowa na ce masa "za ka miƙe", an bar shi shi kaɗai da abin da ya riga ya gane, an kuma hana shi biyan bashi, da barin wasiyya, da neman gafarar wanda suka saɓa. Ba a ce a danƙara masa labari ba tare da shiri ba. Tambayarsa ake yi: "Baba, me kuka fahimta game da ciwon nan? Kuna so in yi muku bayani, ko kun fi so in yi da wani daga cikin yaran?" Wani zai ce a gaya masa komai. Wani zai ce a yi da 'yarsa, shi ba ya son ji. Dukansu haƙƙinsa ne. Abin da bai halatta gare mu ba shi ne mu shirga masa ƙarya idan ya tambaya kai tsaye.

Barin tsoho cikin raɗaɗi alhali akwai magani shi ma laifi ne. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin ba da maganin zafi mataki-mataki, daga farasitamol har zuwa mofin, ta baki, a kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba. Mofin na sha akan ba da shi duk bayan awa 4, tare da maganin sassauta ciki domin yana taurara bayan gida. Mutane na tsoron cewa zai gaggauta mutuwa ko ya zama jaraba. Idan an fara da kaɗan, ana ƙarawa gwargwadon ciwo, ana lura da ƙodar tsoho, ba haka yake yi ba. Wanda ya daina magana kuwa, fuskarsa za a duba: yamutsa goshi, damƙe hannu, nishi lokacin da ake juya shi.

Batun abinci ya fi komai tayar wa iyali hankali. A kwanakin ƙarshe jiki da kansa yake ƙin ci. Ɗura wa mutum da cokali yana kau da kai na iya sa abin ya sarƙe shi ya faɗa huhu. Ga mai ciwon mantuwa da ya yi nisa, bincike bai nuna cewa bututun ciyarwa na ƙara masa kwana ba. A ba shi abin da ya karɓa, a jiƙa masa leɓe, a goge masa baki da auduga mai ɗan ruwa. Dakatar da abin da ke wahalar da shi ba tare da amfani ba daban ne da kashe shi da gangan, kuma wajibi ne ma'aikacin jinya ya zauna da iyali ya fayyace musu wannan.

A rufe masa jiki lokacin wanka, a ja labule, kada a baza sirrin ciwonsa ga 'yan dubiya. Tun yana iya magana a tambaye shi inda yake so a yi jinyarsa, da maganin da ba ya so, da wanda zai yanke shawara a madadinsa idan bakinsa ya rufe. A rubuta amsarsa a fayil ɗinsa, a karanta wa iyalin a gabansa.