Tafiyar jirgin sama daga Kano zuwa Jidda

Tsakanin Kano da Jidda akwai tazarar kusan kilomita 3,400 idan aka auna miƙe ta sama, daga Filin Jirgin Saman Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke gaɓar Bahar Maliya. Jirgin fasinja na zamani, mai gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa ɗaya, yakan cinye wannan tazara cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar idan bai ya da zango ba. A nan an haɗa da lokacin tashi da na sauka, inda jirgi ba ya sakin gudu.

Hanyar da ta fi kusa tana bi ta saman tafkin Chadi, ta ratsa ƙasar Chadi da Sudan, sannan ta tsallaka Bahar Maliya. Kusan ita ce hanyar da alhazan zamanin da suka riƙa bi a ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur har tashar ruwa ta Suwakin. Su kam watanni suke kwashewa, wasu ma shekaru, suna tsayawa noma ko ƙwadago don neman guzuri. Da yawa ba su ƙarasa ba, wasu kuma ba su komo gida ba, shi ya sa har yau ake samun unguwannin Hausawa a garuruwan Sudan.

Tazara ba ta canzawa, amma lokacin tafiya yana canzawa. Iskar sama kan tura jirgi ko ta danne shi, don haka zuwa da dawowa ba safai suke zuwa daidai ba. Abin da ya fi iska tasiri shi ne rufe sararin samaniya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an hana jirage ratsa samanta, sai jiragen alhazan Nijeriya suka koma yin zagaye. Wannan ya ƙara tsawon tafiya da yawan man da ake sha, kamfanonin jirage kuma suka nemi ƙarin kuɗin kujera. Wanda ya bi ta Alƙahira ko Adis Ababa kuwa, zaman jiran jirgi na biyu kaɗai na iya cinye masa yini.

Agogo ma yakan rikita matafiyi. Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu, saboda haka wanda ya tashi Kano ƙarfe goma na safe zai sauka wajen ƙarfe biyar na yamma a agogon Jidda, ya ɗauka awa bakwai ya yi a sama. A dawowa kuma sai ya ga kamar awa uku ya yi.

Ga mai niyyar wucewa Makka kai tsaye, gajartar tafiyar ta zo da wata larura: jirgi yana gifta miƙati cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa maza da yawa ke yin wanka su ɗaura harami tun a sansanin alhazai, sai su yi niyya idan ma'aikatan jirgi sun sanar an kusa. Waɗanda aka sauke a Madina ba su da wannan damuwa, domin a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, suke ɗaukar harami, kuma tazarar Madina daga Kano ta ɗara ta Jidda da kusan kilomita 150 kawai.