Haƙƙin wanda aka zalunta da adalcin gyaran ɓarna

Adalcin gyaran ɓarna hanya ce ta tunkarar laifi wadda ke fara tambayar wa aka cuta, me ya rasa, kuma a wuyan wa gyaran yake, kafin a zo kan hukuncin da ya dace da mai laifi. A tsarin kotu da aka saba, hukuma ce ke gurfanar da wanda ake tuhuma, shi kuwa wanda aka fasa wa gida ko aka ji wa rauni shaida ne kawai: a kira shi, lauyoyi su yi masa tambayoyi, a sallame shi, wani lokaci ma sai a bakin mutane zai ji an ba da belin wanda ya cuce shi. A kan haka ne Nils Christie, masanin laifuka ɗan ƙasar Norway, ya koka a 1977 cewa hukuma da ƙwararru sun ƙwace rikici daga hannun masu shi.

A ranar 29 ga Nuwamba, 1985, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da sanarwar da ta fayyace haƙƙin waɗanda aka zalunta: a saurare su cikin mutunci, a sanar da su halin da shari'arsu ke ciki, mai laifi ya mayar da abin da ya ɓata, gwamnati ta biya diyya inda ya gaza, a kuma taimaka musu da magani da shawara. Sanarwar ba ta tilasta wa kowace ƙasa, amma ta zama madubi ga dokoki da yawa. Dokar Rome ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ta ba waɗanda aka zalunta damar bayyana ra'ayinsu a gaban alƙalai.

Tunanin ya girmi waɗannan takardu. A shari'ar Musulunci, magadan wanda aka kashe ne ke da zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa. A zamanin nan, ana yawan danganta farkon tsarin da wata shari'a ta 1974 a garin Elmira na ƙasar Kanada, inda aka sa wasu samari biyu da suka farfasa tagogi suka yayyanka tayoyin motoci su bi gida gida, su ƙwanƙwasa ƙofa, su fuskanci waɗanda suka yi wa ɓarna, sannan su biya asarar. A 1989, New Zealand ta shigar da taron dangi, inda ake haɗa yaro mai laifi da danginsa da wanda ya cuta, cikin dokarta ta yara masu laifi.

Yadda ake zaman kuwa, mai shiga tsakani yakan gana da kowane ɓangare shi kaɗai tukuna, kuma ba a haɗa su sai mai laifi ya amsa ainihin abin da ya faru. Sau da yawa abin da ke ci wa wanda aka zalunta rai ya wuce kuɗi, yana so ya kalli mutumin ido da ido ya tambaye shi, “Me ya sa ni?” Amsar wannan tambaya ba ta cika fitowa a kotu ba, inda lauya kan shawarci wanda yake karewa ya kama bakinsa.

Ƙashin bayan tsarin shi ne yarda. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2002 sun ce kowane ɓangare zai shiga ne da son ransa, yana iya janyewa a kowane lokaci, kuma ba za a ɗauki shigar mai laifi a matsayin hujja a kansa ba idan magana ta koma kotu. Nan ne haɗarin ya fi girma, musamman a shari'ar fyaɗe da duka tsakanin ma'aurata, domin macen da ke tsoron mijinta, ko wadda dangi suka matsa wa ta rufa asiri, tana iya cewa ta yafe alhali ba a bar mata wata mafita ba. Shi ya sa ƙa'idojin suka wajabta a yi la'akari da tsaron masu zaman da bambancin ƙarfin da ke tsakaninsu tun kafin a miƙa shari'a ga mai shiga tsakani.