Me ake nufi da "ci gaba mai ɗorewa"?

Kwanakin nan da wuya ka buɗe rediyo a Sakkwato ba ka ji wani ɗan siyasa ya yi alkawarin "ci gaba mai ɗorewa" ba. A shimfiɗa kwalta, a ce mai ɗorewa. A raba babura, a ce mai ɗorewa. A bakinsu ma'anar ita ce abu mai ƙarko, wanda zai daɗe bai lalace ba. Wannan fassarar ce ke damuna, domin ta zubar da ainihin maganar.

Kalmar ta yaɗu ne daga rahoton hukumar da Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norwe ta jagoranta, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1987. Nufinta shi ne mu biya buƙatunmu na yau ba tare da mun tauye wa 'yan baya damar biyan nasu ba. Ba ƙarkon gini ake aunawa ba. Ƙasa da ruwa da itatuwan da arzikin ke fitowa daga gare su ake dubawa: riba muke ci, ko uwar kuɗi?

Dubi madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, lokacin yankin yana cikin jihar Sakkwato. Har gobe tana tsaye, don haka a lissafin masu jawabi ta ɗore. An kuma samu noman rani, ba a musu. Amma tambayi mutanen fadamar da ke ƙasa da ita. Da can kowace damina gulbi kan cika ya malala, ya bar laka da laima, a shuka shinkafa, masunta su kama kifi a tafkunan da ruwan ya bari. Da aka tare ruwan, malalar ta ragu, shinkafar fadama ta ja baya, kifi ya yi ƙaranci. Manoman da aka raba da gonakinsu kuwa, da suka tashi neman diyya, a 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka. A ganina zalunci ne a kira wannan ci gaba ba tare da an sa waɗannan mutane cikin lissafi ba.

Ma'aunin tattalin arziki ma haka yake. Buhun gawayin da aka sayar a kasuwa yana shiga lissafin ciniki, amma ƙiryar da aka sare aka ƙona, a jihar da hamada ke matsowa ta wajen Illela da Gada, babu littafin da ake rubuta ta a matsayin asara.